An liƙe retina, saura gani: rayuwar majinyaci bayan tiyatar bayan ido

Aikin ido da yawancin mutanenmu suka sani shi ne cire yana. A kai dattijo asibiti yana laluben bango, a yi masa aiki da hantsi, washegari a buɗe bandeji ya shiga kiran jikokinsa da sunayensu. Shi ya sa idan likita ya ce wa mutum retinarsa, wato tantanin da ke bayan idonsa ta ciki, ta ɓamɓare, sai an shiga tiyata, shi da danginsa da wancan ma'aunin suke auna abin. Wanda aka yi wa aikin retina kuwa, in aka buɗe masa ido washegari, sau da yawa abin da yake gani bai wuce motsin hannu a gaban fuskarsa ba, wani lokaci ma ganin ya fi na kafin aiki muni. Likita ya leƙa ya ce, "Alhamdu lillahi, ta kwanta." Majinyaci ya ce shi fa ba ya ganin komai. Dukansu gaskiya suka faɗa. Likita yana nufin retina ta koma mazauninta. Majinyaci jira yake ya karanta saƙo a waya, ya gane fuska daga nesa, ya hau babur ɗinsa. Tsakanin waɗannan biyun akwai makonni, wani lokaci watanni, akwai kuma wani ɓangare na gani da ba lallai ne ya dawo ba.

Retina wani siririn tantani ne da ya shimfiɗu a bangon ido ta ciki, can baya, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ita ke karɓar haske ta mai da shi saƙon da jijiyar gani ke kaiwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai wani ɗan fili mai faɗin milimita 5 zuwa 6, ana ce masa makula. Da makula ake karatu, da ita ake zura zare a allura, da ita ake gane fuska; sauran retinar aikinta ganin gefe da ganin dare. Sararin cikin ido kuma cike yake da wani ruwa mai kauri da yauƙi, kimanin mililita 4. Idan shekaru suka ja, musamman bayan 50, ruwan nan kan tsinke ya janye daga jikin retina. A wurin yawancin mutane abin yana wucewa lafiya, sai dai ɗigo-ɗigon baƙi masu yawo a gani. A wurin wasu kuwa, garin janyewa sai ya fizgi retinar ya yaga ta, ruwa ya bi ta yagewar ya shiga ƙarƙashi yana ɗaga ta. Kusan mutum 1 cikin 10,000 ke gamuwa da wannan a shekara. Masu matsanancin rashin hangen nesa, da waɗanda aka taɓa yi wa aikin yana, da wanda aka buga wa ido, da wanda aka soke wa yana a gargajiyance, su suka fi kusa da haɗarin.

Akwai hanya ta biyu da muke yawan gani a wannan yanki: ciwon suga da sikila. Su ba yaga suke fara yi ba. Ƙananan jijiyoyin jinin retina ke toshewa, wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro, su fashe, jini ya cika ido, sannan su bar tabo mai jan retina yana tattare ta. A sikila ma masu SC, waɗanda ba su cika kwanciya asibiti ba, sun fi masu SS samun wannan matsalar ta ido.

Retina ba ta jin zafi, kuma wannan shi ke cin idon mutane. Mutum zai ga walƙiya a gefen ido, ko ƙudaje sun yi yawa farat ɗaya, ko wata inuwa na tahowa daga gefe kamar an ja labule, amma ido bai yi ja ba, bai yi ruwa ba, ba ya ciwo. Sai ya ce gajiya ce, ya sayi maganin ɗigawa a kemis. Alhali ƙwayoyin retina masu karɓar haske suna samun abinci da iska ne daga shimfiɗar da ke ƙarƙashinsu, kuma da zarar ruwa ya raba su, cikin kwanaki kaɗan suke fara mutuwa, wadda ta mutu kuma ba a maye gurbinta. Don haka tambayar farko da likitan retina ke yi wa kansa ita ce: makula ta ɗago ko tana kwance? In tana kwance, aikin gaggawa ne, ana so a yi shi cikin awa 24 ko kusa da haka, kuma mai yiwuwa mutum ya tsira da ganinsa kusan yadda yake. In ta ɗago, kowace rana da ta wuce tana rage abin da za a iya cetowa, kuma wanda aka yi wa aiki cikin kwana uku zuwa mako ya fi wanda ya yi wata nesa ba kusa ba. Likitocin retina kaɗan ne a Najeriya, kuma a manyan birane suke, irin su Kaduna inda Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa take, da Kano, Abuja da Legas. Kafin mutumin ƙauye ya bi ta kemis, ya bi ta ƙaramin asibiti, ya haɗa kuɗin mota da na aiki, sau da yawa makular ta daɗe da ɗagowa. Mafi yawan abin da zai zama ganinsa bayan aiki, tun kafin ya shiga ɗakin tiyata aka yanke shi.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Likitan ido Jules Gonin na birnin Lozan a Suwizalan shi ya tabbatar, a shekarun 1920, cewa sirrin aikin shi ne a nemo yagewar a toshe ta. Har yau a kan wannan ake. In yagewa ce kawai retina ba ta ɗago ba, ana kewaye ta da leza, wani haske mai ƙarfi da ke ɗan ƙona wurin ya yi tabo, a zaune a ɗakin duba marasa lafiya, minti goma zuwa ashirin an gama. In ta ɗago, hanyoyi uku ne. Ko a ɗinka wata ɗamarar silikon a bayan farin ido ta waje, ta tura bangon ido ciki har ya haɗu da yagewar. Ko a yi wa idon allurar 'yar iska, ƙasa da mililita ɗaya, in yagewar tana sama kuma ba ta da yawa. Ko kuma, wanda ya fi yawa yanzu, a yi bitirektomi, aikin da Robert Machemer ya fara a Amurka a 1970: a huda ƙananan ramuka uku a farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga bakin baƙin ido, ɗaya na shigar da ruwa, ɗaya na fitila, ɗaya na abin yanka da zuƙa. A kwashe ruwan nan mai yauƙi, a zuƙe wanda ya shiga ƙarƙashin retina, a yi leza a gefen yagewar, sannan a cika idon da iska ko man silikon. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, galibi da allurar kashe zafi a gefen ido, mutum yana farke yana jin maganar likita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san yadda abin yake. Ya shafa gam, ya ɗora faci, amma sai ya danne shi na ɗan lokaci kafin ya kama. Leza ita ce gam ɗin, kuma tana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ta yi tabo mai ƙarfi. Iskar da aka sa a ido ita ce dannewar. Sai dai a nan ba likita ke riƙe da ita ba, majinyaci ne, da yadda ya ajiye kansa.

Ajiye kai: aikin da ke hannun majinyaci

Iska sama take tasowa. Saboda haka duk inda yagewar take, dole a juya kai ta yadda wurin zai zama shi ne sama. In tana can saman ido, mutum ya zauna a miƙe, ya yi barci a jingine da matasai biyu ko uku. In tana gefen waje na idon dama, ya kwanta a kan kumatunsa na hagu. In ramin a makula yake, wato can ƙuryar baya, sai dai a kife fuska ƙasa, hanci yana kallon ƙasa. Abin da likitoci da yawa ke bayarwa shi ne minti 45 zuwa 50 a kowace awa, a huta minti 10 zuwa 15, na tsawon kwana 3 zuwa 7, wasu har 10. Babu tsari ɗaya da ya dace da kowa, don haka kada wani ya kwaikwayi kwanciyar maƙwabcinsa a ɗakin jinya. Kafin a bar asibiti, majinyaci ya nuna wa likita ko nas kwanciyar da jikinsa, ɗan jinya yana kallo, don "kwanta ta gefe" magana ce da kowa ke fahimta yadda ya ga dama.

Kifa fuska ya fi yadda ake zato wahala. A rana ta biyu wuya da kafaɗu da ƙugu sun fara ciwo, fatar ido ta kumbura saboda ruwa yana gangarowa gaba, barci ya gagara. Abin da ke taimakawa ba mai tsada ba ne. A naɗe tawul ko zane a yi gammo, a ɗora a kan tebur ko bakin gado, goshi ya zauna a kai, hanci da baki su sami wurin numfashi, idon kuma kada ya taɓa komai. A riƙa sauyawa tsakanin zama a kujera da kwanciya rub da ciki, da matashi a ƙarƙashin ƙirji. A sha ruwa da kunu da bututun shan lemo. A ajiye rediyo ko waya a ƙasa. Minti goman hutu na tashi ne a ɗan taka, a shiga bayi, a ɗiga magani, domin zama wuri ɗaya kwana da kwanaki yana iya daskarar da jini a ƙafa, musamman ga tsofaffi. Masu zuwa dubiya kuma su yi haƙuri: kunya kan sa mutum ya ɗago kai ya gaisa da kowane baƙo, in aka tara a yini sai a ga rabin lokacin ya tafi a gaisuwa. Ya kamata wani babba a gidan ya ɗauki nauyin yi wa mutane bayani.

Kwanciya rigingine ita ce aka fi hanawa. Iskar takan taso gaba ta jingina da madubin ido, wanda shi ne ke dushewa ya zama yana, ta jawo yanar da wuri, ko ta tura tantanin baƙin ido gaba ta toshe mafitar ruwa, matsin ido ya hau. Mai ciwon baya ko wuya, mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko asma, mai ƙiba sosai, ya faɗa tun kafin aiki cewa ba zai iya kifewa ba. Likita yana da zaɓi a lokacin. Bayan an rufe ido zaɓin ya ragu.

Iska a cikin ido da abin da take hanawa

Iskar ba iri ɗaya ba ce. Iskar da muke shaƙa takan ɓace cikin mako guda. Akwai kuma wasu iskoki na musamman da suka fi daɗewa: SF6 tana kai kimanin mako 2, C2F6 mako 3 zuwa 4, C3F8 kuwa mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Jiki ne ke tsotse ta a hankali yana maye gurbinta da ruwan da ido ke samarwa da kansa. Muddin ta cika ido, ba a ganin komai sai haske da motsi. Bayan kwanaki sai wani layi ya bayyana a saman gani, yana rawa in an motsa kai. Sama da layin ana gani, ƙasa da shi duhu-duhu. Kullum layin yana sauka, har ya zama baƙin ƙwallo a ƙasa, ya rabu ƙanana, ya ɓace. Mutane kan rikice su ce ai an ce iskar sama take, me ya sa suke ganinta a ƙasa? Ido a juye yake ɗaukar hoto: abin da ke saman retina a ƙasa ake ganinsa. Wannan ba alamar matsala ba ce.

Abin da ba a wasa da shi shi ne jirgin sama. Matsin iskar cikin jirgi daidai yake da na tsaunin da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400, kuma a wannan matsin iskar da ke kulle a ido tana iya ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na girmanta. Ido ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Matsi ya hau har ya danne jijiyar da ke kai wa retina jini, kuma retina ba ta jure rashin jini na sa'o'i. Mutum na iya hawa jirgi a Kano da ido mai warkewa ya sauka a Jidda da makahon ido. Wanda ya biya kujerar Hajji ko yake shirin Umra ya faɗa wa likita kafin aiki, haka wanda ya je aiki Indiya ko Masar yana tunanin dawowa gida bayan mako. Hawan tudu a mota ma yana cikin lissafi. Jos tana kan kimanin mita 1,200, tsaunin Mambila ya haura 1,500, Legas kuwa a bakin teku take. Wanda aka cika wa ido da iska a garin da ba ya kan tudu kuma gidansa a kan tudu yake, ya tambaya kafin ya kama hanya. In kuma a hanya ya ji ido ya ɗaure da ciwo, gani ya dushe, a juya a gangara.

Na biyu shi ne wata iskar sa barci da rage zafi, naitiros oksaid, da ake amfani da ita a wasu tiyatoci, da wurin cire haƙori da ɗakin haihuwa. Tana kutsawa cikin iskar ido cikin mintuna ta kumbura ta. Shi ya sa wasu asibitoci ke ɗaura wa majinyaci wani abin hannu mai rubutun gargaɗi. Inda ba a bayar ba, a rubuta a takarda sunan iskar da ranar aiki, a sa a aljihu, domin wanda ya yi hatsari ya suma ba zai iya bayani ba.

Salla, alwala, azumi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi damun majinyatanmu, kuma ba kowa ke iya yi wa likita su ba. Sujada ba hukunci ɗaya gare ta ba. Wanda aka ce ya zauna a miƙe saboda yagewarsa a sama take, in ya yi sujada iskar ta bar wurin da aka sa ta ta danne. Mai ciwon suga da aka kwashe wa jini a ido, saukar da kai ƙasa da ƙirji yana ƙara matsi a jijiyoyin da ba su gama warkewa ba, jini na iya sake zuba. Don haka yawanci ana cewa a yi salla a zaune da nuni na mako ɗaya zuwa biyu, ko iya abin da likita ya ƙayyade. Addini ya ba da wannan sauƙin: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe.

Ruwan famfo, na rijiya ko na randa kada ya shiga idon na aƙalla mako 2. Wajen alwala a shafi fuska da jiƙaƙƙen hannu a kauce wa idon, ko a tambayi malami game da shafa a kan bandeji da taimama. Wanka daga wuya zuwa ƙasa. Wankin kai a ɗaga fuska sama wani ya zuba ta baya, shi ma sai in kwanciyar da aka ba mutum ta yarda da haka. Game da azumi, malamai sun yi saɓani a kan maganin ɗigawa in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro. Akwai dabarar da ke rage wannan: bayan an ɗiga, a rufe ido a danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa a hankali na minti ɗaya zuwa biyu, nan ne mashigar hawaye zuwa hanci. Abin da bai kamata ba shi ne a tattara ɗigon da aka ce sau huɗu a yini a mai da shi sahur da buɗa-baki.

Magungunan galibi uku ne: na kashe ƙwayoyin cuta na mako ɗaya zuwa biyu, na rage kumburi da ake ragewa a hankali cikin mako 4 zuwa 6, da mai buɗa ƙwayar ido, wanda ke sa hasken rana ya dami mutum. Ɗigo ɗaya ya isa, a bar minti 5 tsakanin wani da wani, kada bakin kwalba ya taɓa gashin ido. Na rage kumburin yana ɗaga matsin ido ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba. Matsin ido mai lafiya tsakanin 10 da 21 yake a ma'aunin likita, kuma sai an auna ake sani, shi ya sa ba a tsallake ranar komawa asibiti ko da ido ya yi fes. In matsi ya hau akan ba da ƙwayar Diamox, amma mai sikila ya tuna wa likita, domin tana iya tayar masa da ciwon. Kwalli, zuma, nono, ruwan albasa, duk a ajiye su.

A cikin gida, abin da ake gudu shi ne bugu, ƙura da yunƙuri. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya, ɗaukar jarka, faskare, noma, duk a bar su mako 4 zuwa 6. Hayaƙin murhu da ƙurar hunturu suna sa ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya kai ga murza ido. Tabarau da rana, murfin roba da dare na mako 2, musamman ga mai kwana da ƙaramin yaro. Mai aikin ofis kan iya komawa bayan mako 2. Tuƙi kuwa babu shi sai iska ta ƙare. Kwanciyar aure, da mutane ke jin nauyin tambaya, yawanci ana ɗaga ta mako biyu ne, ko har a gama kwanakin ajiye kai. Kallon talabijin ba ya ɓata aiki.

Man silikon da ɗamara

Idan retina ta daɗe a ɗage, ko ta yi tabo, ko mutum ba zai iya ajiye kai ba, ko ido ɗaya gare shi, akan sa man silikon. Ana iya gani ta cikinsa dishi-dishi tun makon farko, ana iya hawa jirgi. Amma ba ya ɓacewa da kansa, sai an sake aiki an cire shi, galibi bayan wata 3 zuwa 6. Ga mai madubin idonsa na asali, man yana sauya lambar tabarau da kusan +5 ko fiye, don haka ba a yanka tabarau mai tsada a wannan lokacin. Inda gizo ke saƙar shi ne rashin dawowa. Kuɗi sun ƙare a aikin farko, ido ba ya ciwo, sai a bar man shekara biyu ko uku. A hankali yana farfashewa ƙanana-ƙanana, ya gangaro gaban ido, ya toshe mafitar ruwa ya jawo hawan jinin ido, ko ya ɓata baƙin ido ya yi fari. A ganinmu duk wanda za a sa wa mai, a gaya masa tun ranar farko cewa aiki biyu ne, ya yi lissafin kuɗinsa a kan haka.

Ɗamara ita ba a cire ta sai in ta ba da matsala. Ta fi ciwo da kumburi a kwanakin farko. Tana matse ido ya ƙara tsawo, sai rashin hangen nesa ya ƙaru da lamba ɗaya zuwa uku, kuma tana iya taɓa naman da ke juya ido mutum ya riƙa ganin abu biyu na wani lokaci.

Ganin da ke dawowa

A aikin farko retina tana kwanciya a wurin mutum 8 zuwa 9 cikin 10, in aka haɗa da aiki na biyu ko na uku adadin ya haura 9 cikin 10. Babban abin da ke sa ta sake ɗagowa shi ne tabo: ƙwayoyin da suka fito ta yagewar su bazu a kan retina, su yi wani tantani, ya ƙanƙance ya tattaro ta. Yana faruwa ga kashi 5 zuwa 10 cikin 100, galibi a wata na farko zuwa na uku, kuma ya fi yawa ga wanda ya zo a makare. Ba laifin majinyaci ba ne, ba kuma lallai laifin likita ba. Alamar ita ce dawowar inuwar nan. Ita da ciwo mai ƙaruwa da ba ya jin farasitamol, musamman da amai ko ciwon kai, da ido mai ƙara ja yana fitar da ruwa mai kauri, da ganin da ya fara gyaruwa ya koma baya, duk na komawa asibiti ne a ranar, ko da Asabar ce.

Wanda makularsa ta ɗago kafin aiki, abin da zai fi damunsa ba dushewa kaɗai ba ce. Layi miƙaƙƙe, irin bakin ƙofa ko layin rubutu, sai ya gan shi a lanƙwashe. Abu ya fi ƙanƙanta a idon da aka yi wa aiki, launi ya koɗe. Dalili shi ne ƙwayoyin makula ba su koma daidai gurbinsu ba, wasu kuma sun mutu. Ƙwaƙwalwa ta rasa yadda za ta haɗa hotuna biyu mabambanta, sai mutum ya sami kansa yana rufe ido ɗaya in zai yi karatu. Auna nisa ma ya rikice: a zuba shayi a gefen kofi, a kuskure matakala, a miƙa hannu gaisuwa a saɓa. Ga tela, direba, makaniki, mai gyaran waya ko mai rubutun allo, wannan ya shafi abincinsa kai tsaye, ko da yana iya karanta layuka da dama a allon gwaji na asibiti. Ganin yana ci gaba da gyaruwa a hankali har wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye, lanƙwasar tana raguwa, ƙwaƙwalwa tana sabawa. Ba a gwada sabon tabarau sai bayan wata 2 zuwa 3, lokacin da iska ta ƙare ido ya daidaita. Mai ciwon suga da aka yi wa leza mai yawa a gefen retina zai lura ganin dare da na gefe sun ragu; farashin da aka biya ke nan don a tsare tsakiya, kuma dalili ne na barin tuƙin dare.

Akwai kuma yana. Yawancin waɗanda suka haura 50 da aka yi wa bitirektomi suna samun yana a idon cikin shekara biyu. Gani ya gyaru, sai kuma ya fara dushewa sannu a hankali, mutum ya yanke ƙauna ya ce aikin ya lalace, alhali wannan ce matsala mafi sauƙin gyara a cikinsu duka. Bambancin shi ne yana a hankali take zuwa kamar hazo, ɗagowar retina kuwa inuwa ce daga gefe cikin kwanaki.

Ɗaya idon kuma ba a barinsa. Kimanin mutum 1 cikin 10 da retinarsu ta ɓamɓare a ido ɗaya, ɗayan ma yakan bi. A nemi likita ya ɗiga maganin buɗa ƙwayar ido ya duba gefe-gefen retinarsa, in akwai wuri mai rauni ko ƙaramar yagewa a kewaye ta da leza. A gida kuma, sau ɗaya a mako, a rufe ido ɗaya da tafin hannu a kalli bakin ƙofa da kusurwoyin ɗaki, sannan a sauya, domin ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri har inuwa ta ci rabin gani ba a sani ba. Mai ciwon suga a duba masa bayan ido kowace shekara ko yana gani garau, mai sikila kuma tun daga shekara 10.